Haƙƙin Yaron Da Aka Sauke Daga Baya

Duk wanda ya taɓa halartar raɗin suna a ƙauyukan ƙasar Kunci, ko Shuwaki ne, ko Gwarmai, ko 'Yandadi, ya san yadda abin yake gudana. Da sassafe maza za su taru kan tabarmi a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a raɗa suna, a kayar da rago, wanzami ya zo da zabirarsa. A cikin gida kuwa mata ne cike, mai jego ta yi wanka ta sha kunun kanwa, jariri yana ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan, kowa na faɗin wanda ya ɗebo. To amma idan mutum ya kai dubansa wajen rumbu ko gindin turmi, sau da yawa zai hangi wani yaro da bai cika shekara biyu ba, yana riƙe da guntun ɗumamen tuwo, yana kallon taron kamar baƙo. 'Yan watanni kaɗan da suka wuce shi ne a bayan uwar nan. Yau babu wanda ya tambayi ko ya karya.

Wannan yaro shi ne abin magana a wannan mako, kuma maganar ta fi shafar matasan 'yan'uwa fiye da kowa. Dalili kuwa shi ne, matashin da bai daɗe da aure ba, idan aka yi masa haihuwa ta biyu, yaron da za a sauke daga baya ba kowa ba ne illa ɗan farinsa. Ɗan fari kuma a ƙasar Hausa shi ne wanda al'ada ta hana iyayensa su nuna masa so a bainar jama'a. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban manya, wai alkunya. Lokacin da yake shi kaɗai abin bai cika yi masa illa ba, domin yana da nono, yana da baya, kakanni da gwaggwanni kuma suna ririta shi. Amma ran da ƙaninsa ya sauka, sai ya rasa nono, ya rasa baya, hankalin kakanni ya koma kan sabon jika, uban da ya kamata ya tare shi kuma yana can yana jin kunyarsa. Ina yaron nan zai dosa?

A haƙiƙanin gaskiya wahalarsa ba ranar haihuwa take farawa ba. Tana farawa ne tun ranar da tsofaffin gida suka gane cewa an yi kwanika, wato uwa ta samu ciki alhali tana goyo. Abin da aka gada shi ne nonon mai ciki ya gurɓace, idan yaro ya ci gaba da sha zai yi ta zawo yana ramewa. Saboda haka sai a yanke shi rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, wani lokaci ma a wani ƙauye daban, ya yi kwana da kwanaki yana kuka har ya haƙura. Likitoci dai sun tabbatar da cewa nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sauya, amma mace mai lafiya da ke samun abinci tana iya ci gaba da shayarwa har a janye yaro sannu a hankali. Zawo da ramar da tsofaffi suke gani gaskiya ne, ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Yaron da aka cire daga nono dare ɗaya aka jefa shi kan koko tsararo da ruwan rijiya a kwanon da ƙuda ya gama bi, dole ya yi zawo, dole ya rame.

Ba Hausawa kaɗai suka lura da wannan ba. A shekarar 1933 wata likitar yara mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a ƙasar Gana lokacin tana hannun Turawan Ingila, ta yi bayanin wata cuta da ke kumbura yara, ta sa gashinsu ya yi ja, fatarsu ta riƙa saɓulewa. Da ta tashi sa mata suna a 1935 sai ta ɗauki sunan da mutanen Ga na birnin Akra suke kiranta da shi, wato kwashiyoko, ma'anarsa kuwa ciwon da ke kama babban yaro idan an haifi na bayansa. Sunan da likitocin duniya suke amfani da shi ke nan har yau. Wato tun kafin asibiti ya gano abin, iyaye mata sun riga sun san wanda cutar take nema a cikin gida.

Tamowa kuwa ba labarin nesa ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni 6 na farkon shekarar saboda tamowa. Katsina kuwa maƙwabciyar Kunci ce, gero ɗaya ake ci, damina ɗaya ake jira. Manomi ya san watannin da abin ya fi tsanani: Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sauro ya yi yawa, mata da maza kuma duk hankali yana gona. Idan haihuwa ta faɗo a wannan tsakani, yaron da aka yaye shi ne na farkon faɗuwa.

Addini bai bar wannan al'amari a duhu ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta sanya cikar shayarwa shekara biyu ga wanda ya so cikawa, ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uba, ta kuma ce idan za a yi yaye kafin nan, to a yi shi bisa yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba. Ɗan'uwa ya dubi wannan da kyau. Shawarar yaye tasa ce da matarsa, ba hukuncin da za a yanke a ɗakin tsofaffi ya zo ya tarar an zartar ba. Mazaje nawa ne suke dawowa daga gona su tarar an tafi da yaro, iyakar abin da za su ce shi ne "to, Allah ya raya"?

Kada kuma wani ya ɗauka ana cewa haihuwa kusa da kusa laifi ce. Jikokin Manzon Allah (SAW), Hasan da Husaini, an haifi ɗaya a shekara ta 3 bayan Hijira, ɗayan a ta 4. Amma wa ya taɓa jin cewa zuwan Husaini ya sa an manta da Hasan? Tare ake ɗaukarsu, tare suke hawa bayan kakansu yana sujada. Wanda Allah ya ba wa rurrutsa ya karɓa da godiya, ya kuma san cewa aikinsa ya ninku. Wanda kuma ya ga matarsa ta jigata, ya so ta huta, bai zo da baƙon abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, kakannin Hausawa kuma abin da suke yi ke nan tun ba su san da wata hukuma ba, domin a da mace ba ta komawa turaka sosai sai ta yaye, kuma wadda ta yi kwanika har gori ake yi mata.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne abin takaicin yake. Matashi zai sayar da buhun gyaɗa ko na wake, ya sayi rago, ya sayi goro, ya sayi itacen wankan jego na kwana 40, ya ɗinka wa mai jego kayan fitar suna, wani ma har ya ci bashi don kada a ce ya gaza. Babu laifi a cikin yanka, sunna ce. Amma ciyar da ɗan da ke raye yana jin yunwa wajibi ne, kuma babu malamin da ya ce sunna tana gaban wajibi. Kuɗin goron da za a tauna a zubar kafin Azahar zai sayi ƙwan da yaron nan zai ci na makonni. Abin mamaki ma, abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda uwa za ta bi layi tun safe kafin ta samu, ba komai ba ne illa gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadaran ƙarin lafiya. Gyaɗar da uban ya noma ya kai kasuwa, ita ce ake dawo masa da ita a matsayin magani bayan ɗansa ya kwanta. Da an ware tiya biyu tun farko ana dama masa kunun gyaɗa, ana zuba masa garin wake ko na waken soya a koko, ana sa masa zogale da ɗan mai a tuwo, da ba a kai ga haka ba.

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe zuwa dare. Wanda aka yaye yana buƙatar ci sau 4 ko 5 a yini, kuma a kwanonsa shi kaɗai, da babba zaune kusa da shi. Idan aka haɗa shi akushi ɗaya da 'yan shekara 6 da 7 na gidan, kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwano, a ce ai ya ci tare da yara.

Kwana arba'in ɗin jego su ne suka fi hatsari gare shi, kuma su ne lokacin da uba ya kamata ya ajiye alkunya. Uwa tana fama da kanta da jariri, tsohuwar da ta zo wanka ita ma jaririn ta zo wa. A tsakar gida ga tukunyar ruwa tana tafasa safe da yamma, ga garwashi, ga yaro mai tatata da babu mai kallonsa, kuma ƙunar ruwan zafi ba ta yi wa ƙaramin jiki da sauƙi. Da dare gidan sauron da yake kwana a ciki ya zama na uwa da jariri, shi kuma an mayar da shi tabarma. Katinsa na rigakafi ya shige ƙarƙashin kaya, allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15 ta wuce babu wanda ya tuna. Masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata, za su zo su wuce yana gidan kaka, can ma a ce ba ɗan gidan ba ne. Duk waɗannan babu wanda ya fi ƙarfin namiji. Ya kwana da yaron a shimfiɗarsa cikin gidan sauro, ya zauna da shi lokacin cin abinci, ya ɗauki katin da kansa ya kai shi asibiti. Wanda zai tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas bayan girbi, kafin ya hau mota ya san hannun wa ya bar yaron, da abin da ya bar masa, ba wai ya bar wa gida hatsi kawai ya ce ya sauke nauyi ba.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a jiki. Yaron da aka sauke yakan koma fitsarin kwance, ya riƙa kuka ba dalili, ya nemi a goya shi, wani lokaci a kama shi yana mintsinin jariri. Sai a hau shi da duka, ana cewa mugu ne, ga 'yan barka suna ta tsokanarsa wai an ƙwace masa uwa. Yaro ɗan shekara biyu bai san mugunta ba, kishi ne irin na wanda aka raba da abin da ya sani shi kaɗai a duniya. Kishi tsakanin 'yan'uwa kuwa ba abin wasa ba ne, ƙissar Annabi Yusuf (AS) ta isa misali. Ingantattun littattafan hadisi sun kawo labarin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Manzon Allah (SAW) yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa cewa rashin tausayi ne ba jarumta ba. Sun kuma kawo yadda Manzo ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa. Matashin da ke alfahari da bin sunna a tsawon wando da gemu, amma yana jin kunyar a gan shi da ɗansa a kafaɗa a hanyar masallaci, sai ya sake lissafi. Dattawa za su yi magana kwana biyu, su ce yaran zamani ba su da ta ido, daga nan su saba.

Ɗan'uwan da ya naɗe wannan jarida ya nufi gida, idan akwai irin wannan yaro a gidansa ko gidan wansa, ya kira shi ya ɗora shi a cinya ya duba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi? Ya daina wasa, ya daina son abinci? Ya danna babban yatsa a bayan ƙafarsa, ya ƙirga uku, ya ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafa biyun, wannan ba ƙiba ba ce, kumburin tamowa ne, kuma ba ya jiran a gama suna ko a yi arba'in. A ɗakin shan magani mafi kusa akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi, idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar ake fara magani. Idan kuma yaron ya kasa ci gaba ɗaya, ko yana amai, ko jikinsa ya saki, sai a nemi mota zuwa babban asibiti a daren, ko da kuɗin ragon ne za a taɓa.