Gajeriyar Hanya Zuwa Aikin Jinya, da Wanda Zai Tsare Ƙofarta

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Birnin Kebbi ta nufi Kalgo, in dai yana da idon lura, zai ga abubuwa biyu da aka kafa a wannan yanki, kowannensu yana da abin da ɗan'uwansa yake bukata: ga babban asibitin Jihar Kebbi da ke Kalgo, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta fara zama a Kalgo kafin a gina mata mazauni na dindindin a kan hanyar Bunza. Asibiti, kamar kowane asibiti a ƙasar nan, ba ya ƙoshi da ma'aikatan jinya. Jami'a kuwa kowace shekara tana yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanta ilmin halittu, da na sinadarai, da na ƙwayoyin cuta, su tafi bautar ƙasa, su komo, sa'an nan da yawansu su zauna a gida da takardar shaida a cikin akwati, suna jiran aikin da ba a san ranar zuwansa ba. Mas'alar da nake so mu duba a nan ita ce, me ya hana a buɗe wa irin waɗannan ɗalibai gajeriyar hanya zuwa aikin jinya, kuma idan an buɗe, da wane mizani za a auna mai neman shiga?

Sai mu fara da yadda al'amarin yake a yau. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ce mai ba da lasisi, kuma sharaɗinta na farko sananne ne ga kowane uba mai 'ya a sakandare: kiredit biyar, a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya cika wannan sharaɗi, ko dai ya nufi kwalejin jinya, irin wadda jiharmu take da ita a Birnin Kebbi, inda karatun da aka saba da shi tun da shekara 3 ne, sabon tsarin difloma da babbar difloma kuwa shekara 4. Ko kuma ya nufi jami'a ya yi shekara 5, ya ƙara da shekara guda ta horo a asibiti. Mai digiri a wani fannin kimiyya fa? Iyakar rangwamen da yakan samu a wasu jami'o'i shi ne a ɗauke masa shekarar farko. Ashe ke nan yarinyar da ta fito daga Gwandu, ta gama digiri a ilmin ƙwayoyin cuta, ta yi bautar ƙasa, idan Allah ya sa mata son jinya a zuciya bayan hankalinta ya nuna, sai ta sake shekara 4 a aji, tana maimaita abin da ta riga ta ci jarrabawarsa, alhali kuwa aure da raino sun riga sun iso ƙofa. Galibinsu sukan haƙura, kuma ban ga laifinsu ba.

A Amurka an daɗe da warware wannan ƙulli. Tun a 1971 Jami'ar Sen Luwis ta fara wani tsari na mai digiri a wani fanni, ya shigo ya yi digirin jinya a taƙaice, kuma yau jami'o'i da yawa suna yin haka, cikin wata 12 zuwa 18. A Ingila ma akwai makamancinsa na shekara 2. Abin lura shi ne ba su rage kome daga tsayuwa a gefen gadon majiyyaci ba. Abin da suka zubar shi ne maimaici da dogon hutu. A Amurka ɗalibi sai ya riga ya ci darussan ginin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi suke aiki kafin a karɓi takardarsa, ana gargaɗinsa tun farko kada ya haɗa karatun da wani aiki, kuma a ƙarshe jarrabawar lasisi guda ce da shi da wanda ya bi doguwar hanya.

Bukatarmu kuwa ta fi tasu nesa ba kusa ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 252 ba su kai shekara 5 ba, kuma babu jihar da ta kai mu a wannan lissafi mai ɗaci. Matan da suka haihu a hannun ƙwararre kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ya taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse ya san abin da doguwar naƙuda take bari a baya. A gefe guda kuma magatakardar Majalisar Jinya ya faɗa a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3. Imamu Gazali ya lissafa ilmin magani cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari duka ya bar su, gari duka ya yi laifi. Kuma tun ranar da aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a hemar Rufaida, mai jinyar masu rauni, bayan yaƙin Handaƙ, babu sauran hujja ga mai cewa jinya ba aikin 'ya'yan Musulmi ba ce.

Na san abin da za a ce, domin tsofaffin sistoci sun faɗa mini shi ba sau ɗaya ba: sauri ya haifi nawa, kuma rai ba abin gwaji ba ne. Maganarsu tana da nauyi, malaman fiƙihu ma sun ɗora lamuni a kan wanda ya taɓa jikin mutum da sunan magani ba tare da sani ba. Amma idan aka yi tahakiki, tsoronsu ba a kan yawan watanni yake ba, a kan irin mutumin da za a miƙa wa allura yake. Doguwar hanya tana da wata fa'ida ɓoyayya, ita ce tana tace mutane a hankali: watanni shida na farko a makarantar jinya, da jarrabawar da ke bayansu, da aikin dare na shekaru, sukan kori wanda ya shigo bisa kuskure tun bai yi ɓarna ba. Gajeriyar hanya ba ta da wannan lokaci. Saboda haka duk tacewar da ake yi cikin shekaru, dole a yi ta a bakin ƙofa, ranar ganawa da mai neman gurbi. Kuma a nan ne nake ganin rauninmu yake.

Kowa ya san yadda intabiyu take gudana a makarantu da yawa. An cike fom a intanet, an yi jarrabawa a kwamfuta, an liƙa sunaye. Ranar ganawa sai a taru tun da sassafe, kowa riƙe da fayil, a shiga ɗaya bayan ɗaya gaban mutum huɗu ko biyar da suka gaji tun kafin azahar. A duba takardun asali, a duba takardar shaidar ƙaramar hukuma, a tambayi sunan kwamishinan lafiya, sa'an nan a ce, "Malama, me ya sa kike son aikin jinya?" Ita kuwa ta amsa da abin da wadda ta fito kafin ita ta raɗa mata a baranda: "Ranka ya daɗe, domin in taimaki al'ummata." An sallame ta, ba a san ta ba. Ban ma taɓo zancen 'yar takardar nan da ake kawowa daga wani babba ba, wadda sau da yawa ta fi kiredit biyar nauyi, kuma wadda 'yar manomin Dalijan ko makiyayin Diggi ba ta san ƙofar da ake karɓo ta ba.

Alhali kuwa mu mutanen ƙasar Gwandu muna da gadon da ya fi wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake a Gwandu, ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya bayyana malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne, domin a wancan zamani ba a tambayar mutum takarda kaɗai, sai an tambaye shi wa ya zaunar da shi, kuma wa zai tsaya masa. Shi ne kuma mai Masalihul Insani, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi guda, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan ciwon ido da basur. Alƙalan zamaninsu kuwa ba su karɓar shaidar mutum sai an yi masa tazkiyya, a fili da kuma a asirce, an tambayi waɗanda suka zauna da shi, suka yi tafiya da shi, suka yi mu'amalar kuɗi da shi. Idan har ana yin wannan bincike domin shaida a kan gona ko saniya, ina ga wadda za a bar ta ita kaɗai da tsakar dare da mace mai zubar jini?

To, da ni za a tambaya, sai in ce kada a karɓi takardar kowa sai ya yi wata biyu ko uku yana hidima a asibiti ba da albashi ba, yana gyara shimfiɗa, yana kwashe tasa, yana juya tsohon da ya kasa juya kansa. Kuma sistar da ya yi aiki a ƙarƙashinta ita za ta rubuta shaidarsa, ta aika a rufe, ba ta hannunsa ba. Wannan kaɗai zai raba mai son jinya da mai son farin kaya. Ranar ganawa kuwa a bar tambayar hadda, domin mai digiri ya riga ya nuna yana iya hadda. A kawo masa al'amari irin wanda zai tarar. A ce, "Ɗiyata, ga yarinya mai cikin fari ta zo awo, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, kunya ta hana ta magana a gaban surukarta, ta ina za ki fara?" A ce, "An kawo mai naƙuda, likita ya ce sai an yi aiki, mijinta yana kasuwar Jega, dattijon da ya rako ta ya ce shi ba zai sa hannu ba. Me za ki faɗa masa, kuma da wane harshe?" A ce, "Maƙwabciyarki ce a kwance, kin ga sakamakon gwajin jininta, kin koma gida innarki ta tsare ki da tambaya." A ce, "Kin ba da magani fiye da ƙima, babu wanda ya gani." Ba a neman amsa guda da aka rubuta a littafi, abin da ake nema shi ne a ga ko tana saurare kafin ta yi magana, ko tana iya cewa ba ta sani ba za ta tambayi na gaba, ko amana ta fi mata nauyi a kan kare kai. Lalle ne kuma a yi wani ɓangare na ganawar da Hausa, wanda yake jin Fulatanci ko Zabarmanci ko Dakarci a ƙara masa maki, domin ciwo ba ya magana da Turanci a ƙauyukanmu. Cikin masu tambayar a sa ungozoma wadda ta tsufa a ɗakin haihuwa, kuma a ba makinta daraja ɗaya da na farfesa.

Akwai tambaya guda da ake jin nauyin yi, amma rashin yin ta ya fi illa: shin maigida ko iyaye sun san akwai aikin dare, kuma sun yarda? Gara a ji gaskiya a ranar farko da a horar da mace, a kashe mata dukiyar jama'a, sa'an nan a wayi gari an ce ba za ta kwana a waje ba. Ba ina nufin a mai da wannan dalilin kore ta ba. Nufina a kira su, a zauna da su, a bayyana musu tun da wuri.

Ga mai neman gurbi kuma, ko a wannan tsari da nake fata ko a wanda ke akwai, nasihata gajeriya ce: ta tabbata sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a dukan takardunta, domin saɓanin harafi ɗaya ya sha hana mutane shiga, ta bar jawabin aro, ta faɗi majiyyacin da ta taɓa jinya da hannunta, ko da kakarta ce, da abin da ya ba ta wuya a ciki.

Ikon buɗe wannan hanya yana hannun Majalisa da Hukumar Kula da Jami'o'i, amma neman a buɗe ta haƙƙin jiha ne da jami'o'in da ke cikinta, ta Kalgo da ta Aliero. Sai dai kada a manta cewa karatun da ba ya barin ɗalibi ya nemi abinci, idan ba a tallafa ba, na 'ya'yan masu hali ne kaɗai, waɗanda da yawansu idonsu yana kan jirgin Landan. Shirin nan da Ingila ta tallafa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, wanda ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka da yardar mutanen garinsu, ya shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma bisa alkawarin za su koma gida su yi aiki, ya nuna cewa ana iya ɗaure horo da komawa. Mu ma sai jiha ta biya kuɗin makaranta da alawus, ɗalibi ya sa hannu zai yi shekaru ƙayyadaddu a Kambaza ko Zuguru ko inda aka tura shi. Ita kuma hukuma ta sa hannu a takarda guda cewa za ta ɗauke shi aiki ranar da ya karɓi lasisi, ta ba shi ɗaki mai ƙofa da ruwa a harabar asibitin, domin ba a ɗaure mutum da alkawarin zama a wurin da ba a tanadar masa makwanci ba.