Dafa Ƙwai Ma Ilimi Ne

Ya kai manomi mai kiwon kaji da zabi, ka sani cewa aikinka bai ƙare ba ranar da ka kwashe ƙwai daga akurki. Ragowar aikin yana madafa. A ganina, mun daɗe muna koyar da yadda za a samu ƙwai da yawa, amma mun yi sakaci da koyar da yadda za a dafa shi, alhali a tukunya ne ake cin moriyarsa ko a yi asararsa.

Kuskure na farko shi ne shan ɗanyen ƙwai. Mutane da dama sukan fasa shi cikin madara su ba marar lafiya ko mai jego, wai ya fi ƙara jini. Bincike ya nuna akasin haka: jiki yakan amfana da kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin gina jiki da ke cikin dafaffen ƙwai, amma a ɗanye kusan rabi kawai yake samu. Ga kuma ƙwayar cutar salmonela, wadda kan ɓuya a jikin ɓawo ko a cikin ƙwan kazar da ko alamar ciwo ba ta nuna ba. Tana haddasa gudawa da amai da zazzaɓi, ta kuma fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi illa. Ita da ƙwayar murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a ƙasar nan a jihar Kaduna a shekarar 2006, duk suna mutuwa idan zafi ya ratsa ƙwai har ya kai digiri 70. Alamar ya kai ita ce gwaiduwa ta daskare. Duk da haka, ƙwan kajin da annoba ta faɗa wa ba na ci ba ne.

Kuskure na biyu shi ne barin ƙwai a wuta rabin sa'a. Korayen zoben nan da kake gani kewaye da gwaiduwa haɗuwar sinadarin ƙarfe ne da farar wuta saboda dahuwar da ta wuce kima. Ba ya cutarwa, amma farin ya zama kamar roba, gwaiduwa ta bushe tana shaƙe yaro, an kuma ƙona itace a banza.

To, ga matsakaiciyar hanya. A fara gwada ƙwan a kwanon ruwa: wanda ya taso sama ya tsufa, a yar da shi, kada baragurbi ya ɓata tukunya. A jera sauran a tukunya, ruwan sanyi ya sha kansu. Daga lokacin da ruwa ya tafasa, a rage wuta a ƙirga minti 10 zuwa 12. A tsame, a zuba cikin ruwan sanyi mai tsabta domin dahuwa ta tsaya, ɓawo kuma ya yi sauƙin ɓarewa. Inda babu firiji, a dafa daidai wanda za a ci nan take.

Na san akwai masu son gwaiduwa ruwa-ruwa. Babba mai ƙoshin lafiya ya san abin da ya zaɓar wa kansa, amma kada a ba yaro ko mai ciki.

Kai kuma malamin gona, idan ka gama bayanin abincin kaji da allurar rigakafi, ka ware minti goma ka yi wa matan gida wannan bayani. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gaskiya ne, amma fa sai ya dahu.