WACE WAƘA TA FI? GARDAMAR SAMARU DA SABON GARI

Masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani. Ba inda gaskiyar wannan magana ta ke fitowa sarari kamar wajen kiɗa da waƙa. Akwai wata gardama wadda ta daɗe tana tashi a majalisun dattawa a nan Samaru da Sabon Garin Zariya, tun ba tsakanin tsofaffin malaman makaranta da waɗanda suka yi aikin akawu zamanin En'e ba. Da an yi sallar La'asar an shimfiɗa tabarmi, in ba a faɗa zancen fansho ba, sai ka ji an koma kan waƙoƙin samarin Ingila, irin kiɗan nan da a ke kira rok, wai wace ce ta fi. Kowa da tasa gwanar, ba kuwa mai sakar wa wani. Mun saurari gardamar nan har mun ga ya kamata mu sa baki, domin a ganinmu akwai abin koyo a cikinta wanda ya fi waƙoƙin kansu amfani.

Yaro na yanzu ya iya tambaya, me ya haɗa dattawan Zazzau da makaɗan Ingila? To, ga yadda abin ya samo asali. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya cikin 1911, Sabon Gari ya zama masaukin baƙi, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, su ne kuwa suka yawaita garmaho da faya-fayai a garin. Samaru kuma aka kafa kwaleji a cikinta, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962. Washegari, watau ran 5 ga wata, waɗansu samari huɗu na birnin Libaful, masu kiran kansu Beatles, suka fitar da faifansu na farko a Ingila. Malaman jami'ar na farko da yawansu Turawan Ingila ne, ga kuma rediyo ta shiga gidaje. Sabo da haka samarin wancan zamani da kiɗan nan tare suka tashi. Su ne dattawan da ke gardama yau.

Ko da ya ke Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce ke riƙe da su, kunnensu ya bambanta. Mutumin Samaru, da ya ke ya saba da littafi, ma'ana ya ke bi. Shi in dai bai ji abin da mawaƙi ya ke faɗa ba, to, a wurinsa an yi hayaniya ce kawai. Sabo da haka ya kan tsaya a kan Beatles, ya ce ba a yi kamar Yesterday ba, wadda suka yi cikin 1965. Na Sabon Gari kuwa sai ya yi dariya, ya ce waƙar da ba ta motsa ƙafa ai karatu ce, a kai ta aji. Shi nasa gwanayen su ne Rolling Stones. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, ya ƙi duban rabin da ke hannun ɗan'uwansa.

Kafin a ce wannan ta fi waccan, wajibi ne a shirya a kan mudun da za a yi awo da shi. Turawan Ingila nasu mudun ciniki ne. Tun cikin watan Nuwamba na 1952 wata jaridar makaɗa a Landan ta fara buga jerin faya-fayan da aka fi saye kowane mako, har yau kuwa ba a fasa wannan lissafi ba. Mu dai ba mu yarda da wannan mudu ba, gama yawan masu saye ba shi ke nuna kyan haja ba. Muna da namu awon tun kaka da kakanni, wanda mu ke auna Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da shi. Na fari, waƙa ta kasance da turke, watau maganar da aka ɗaure ta a kai. Na biyu, kiɗa ya tallafi maganar, kada ya danne ta. Na uku, a sami amshi wanda jama'a za su iya karɓa. Na huɗu, ta jure wa shekaru. Da wannan mudu muka auna, ga kuma abin da ya fito mana, daga ƙasa zuwa sama.

Ta biyar ita ce Satisfaction ta Rolling Stones, 1965. Wajen kiɗa ba mu da ta cewa, gama ɗan salon jitar da Keith Richards ya buɗe ta da shi, in ya shiga kunne ba ya fita. Amma turkenta kukan saurayi ne wanda masu talla a rediyo da talabijin suka dame shi, ya rasa abin da zai gamsar da shi. Wannan kukan daɗi ne. Wanda ya taɓa jiran albashi wata uku ba zai zubar masa da hawaye ba. 'Yan Sabon Gari su yi mana haƙuri.

Ta huɗu ita ce Taxman, watau mai karɓar haraji, wadda George Harrison na Beatles ya tsara cikin 1966. Ya yi ta ne sa'ad da ya gane cewa wani kashi na kuɗin da su ke samu, gwamnatin Ingila tana karɓe 95 cikin 100. Bai ji tsoro ba ya kama sunan Firayim Minista Harold Wilson, ya haɗa da na madugun hamayya Edward Heath, don kada a ce ya yi son kai. Wannan ita ce habaici da zambo irin na makaɗanmu. Muna zaton akawun da ya taɓa zama gaban mai unguwa yana rubuta rasit na haraji da jangali, kafin a soke su a Jihar Kaduna cikin 1979, zai fi kowa gane inda ta dosa.

Ta uku ita ce Sunshine of Your Love ta ƙungiyar Cream, 1967. Ba don maganarta muka ɗauke ta ba, gama zancen soyayya ne irin wanda kowa ya ke yi. Don ganga muka ɗauke ta. Makaɗinsu Ginger Baker ya bar hanyar da Turawa suka saba, ya nauyaya hannu a kan manyan ganguna, har Bahaushe ya kan ji kamar ya san kiɗan. Mutumin nan bai ɓoye inda zuciyarsa ta ke ba. Cikin 1971 ya yi faifai tare da Fela Kuti, ya kuma ƙetare Hamada da mota ya zo Nijeriya, daga baya ya gina ɗakin ɗaukar waƙa a Ikeja. Ya rasu cikin 2019.

Ta biyu ita ce Hey Jude, 1968. Paul McCartney ya tsara ta don ya lallashi ƙaramin ɗan abokinsa John Lennon, lokacin da iyayen yaron ke rabuwa. Turke ke nan mai kyau, gama ba ƙaramin mutunci ba ne babba ya tuna da yaro a ranar da manya ke ta kansu. Tsawonta ya ɗara minti 7, a zamanin da yawancin waƙoƙinsu ba su wuce minti 3 ba, fiye da rabinta kuwa amshi ne a ke ta maimaitawa. A nan ne Baturen Ingila ya gano abin da 'yan amshin Shata suka daɗe da sani, watau waƙar da jama'a suka karɓa ta zama tasu.

Ta ɗaya a wurinmu ita ce Eleanor Rigby, 1966. Mun san za a yi mana ca, gama ba a rawa da ita, ba ganga a cikinta, ba jita, sai goge takwas manya da ƙanana, tsawonta kuwa minti 2 da 'yan kai. Amma a dubi turkenta. Labarin wata mata ce wadda ta zauna ita kaɗai a cikin babban gari, ta mutu, aka kai ta kabari ba wanda ya raka ta sai limamin coci. Sa'ad da dattawanmu suka fara jin ta suna samari, sun ɗauka wannan abin Turai ne, a ƙasar Hausa ba za a taɓa yin haka ba. To, yau a zaga bayan tasha da lungunan Sabon Gari, a duba ɗakunan haya inda tsofaffin ma'aikata ke kwance, 'ya'ya sun watse Abuja da Ikko, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Waƙar da aka yi shekara kusan 60 da suka wuce a wata ƙasa, ta zo tana yi mana gargaɗi a kan zumunci a ƙofar gidanmu, lalle ta ci awo na huɗu, ta kuma cancanci gaba.

Za a tambaye mu, ina Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar Queen, wadda ta yi mako 9 tana kan gaba a Ingila daga ƙarshen 1975? Ba mu raina muryar Freddie Mercury ba, haifaffen Zanzibar ne ma, nan gefen Afirka. Amma waƙar ba ta da amshi, har yau kuwa su Turawan da kansu suna gardama a kan abin da ta ke nufi. Doki ne mai kyau wanda ba a san turkensa ba. Yesterday kuma, ta mutanen Samaru, daɗinta ba shakka, sai dai nadamar mutum ɗaya ce a kan masoyiyarsa, ba ta kai waɗanda muka sa gabanta faɗin magana ba.

Akwai kuma masu cewa duk gardamar nan ɓata lokaci ce, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Muna girmama wannan ra'ayi, amma a san cewa kiɗan nan ba baƙo ne ƙwarai ba. Samarin Ingila sun koye shi ne daga baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Su Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters, baƙar fata, suka ɗauki sunansu. Cikin 1973 McCartney ya zo Ikko ya ɗauki yawancin faifansa mai suna Band on the Run. Fela ya tashi ya zarge shi a bainar jama'a da cewa ya zo satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya sa masa waƙoƙin ya ji da kunnensa. A nan Samaru ma an taɓa yin irin wannan muhawara. Cikin 1958 waɗansu ɗaliban zane na kwaleji, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi kayan aikin Bature amma su zana abin gida. Ba su ce a kori na waje ba, ba su kuma yarda a yar da na gida ba. Wannan ita ce hanyar da mu ke goyon baya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk waƙoƙin nan da muka jera, mun faɗi shekarar kowace, da wanda ya tsara ta, da dalilin yin ta, har da yawan mintocinta. Me ya ba mu ikon haka? Ba don Turawa sun fi mu iya waƙa ba ne. Sun dai fi mu ajiya. Kowane faifai da lambarsa, kowace ranar ɗauka da rajistarta. To, a majalisar nan da a ke gardamar Beatles, a tambayi dattawa shekarar da Narambaɗa ya yi Bakandamiyarsa, ko wadda Shata ya fara tasa, sai ka ji an yi tsit, ko kuwa kowa ya faɗi tasa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa cikin 1988, ya rasu cikin 1999, amma har yau ba a daidaita a kan yawan waƙoƙinsa ba. Ɗanƙwairo ya tafi cikin 1991, Barmani Coge cikin 2013, Ɗan Maraya Jos cikin 2015. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi sun tsira domin an buga su a takarda a nan Zariya. Waɗanda ke cikin kaset fa? Zafi da ƙura da gara ba su san gwani ba. Waɗanda aka juye cikin wayoyin hannu kuma, sau da yawa ba suna, ba shekara, har a kan liƙa wa wani waƙar wani.

Mun yaba wa masana da marubutan da suka yi ƙoƙari, kamar Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da tarihin Shata cikin 2006. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum huɗu ko goma. Sabo da haka mu ke kira gare ku, malaman makaranta da tsofaffin akawuna, gama ku ne kuka san darajar rajista. Wanda ya iya riƙe littafin haraji na gunduma guda ba a sami kuskuren sisi ba, ba zai kāsa wannan ba. Kowa ya sayi littafin rubutu ɗaya, ya ja layi biyar: sunan makaɗi, sunan waƙa, wanda aka yi wa, shekara ko abin da ya faru a shekarar, da wanda ke riƙe da faifan ko kaset ɗin. Abin da ba a tabbatar ba a bar gurbinsa, kada a cike da zato. Malami ya sa 'yan ajinsa su tambayo kakanninsu. In littafi ya cika, a kai kwafe sashen koyar da Hausa na jami'a a Samaru, tafiyar ba nisa.

Ba mu ce a bar gardamar waƙoƙin Ingila ba. A ci gaba, wanda bai yarda da jerinmu ba ya rubuto mana nasa da hujjojinsa, ba da zagi ba. Sai dai duk wanda ya kawo biyar na Ingila, muna roƙonsa ya haɗo da biyar na gida, kowace da shekararta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya kau, sai abin da aka rubuta. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.