Kada Ku Watsar da Tsohon Katin Waya

Kwanan baya ina gyara akwatin marigayi Baba, sai na ci karo da tsohuwar kalandar NITEL da katunan waya da aka kankare, an ɗaure su da roba. Ƙanwata ta ce tarkace ne, in kai bola. Na ƙi, kuma ga dalilina.

A Amurka akwai masu farautar tsofaffin allunan talla na kamfanin Bell, masu hoton shuɗiyar ƙararrawa, suna saye da tsada. Mu kuwa da kamfani ya sauya suna, sai mu yi shimfiɗar shanyar barkono da tallarsa.

Ku dubi kamfani guda kawai. Econet ya fara aiki a 2001, ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Kowane suna da launinsa, da lemarsa, da rigarsa. Wanda ya adana katunan nan biyar, tarihin shekara goma ne a tafin hannunsa.

Ku marubutanmu, abin ya fi shafarku. In labarinku a 2003 ya faru, shekarar da Glo ya zo da lissafin daƙiƙa, yaya za ku zana saurayi a ƙarƙashin lema, yana biyan kuɗin minti don jin muryar budurwarsa? Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda kuwa tana riƙe amana.

Don Allah ku leƙa akwatunan iyayenku kafin gara ta riga ku. Allah Ya sa mu dace.