Sai an Raɗa wa Waƙa Suna Kafin a Adana ta a Kwamfuta

Ɗalibin da ya kwafo waƙoƙin baka daga kaset ya zuba su cikin manhajar sauraren kiɗa irin iTunes yakan zaci ya gama adana su. Alhali kuwa manhajar ba ta da kunne. Abin da take dubawa shi ne ɗan bayanin da ake liƙa wa fayil ɗin MP3, wato ID3, kuma da shi take rarraba waƙoƙi jaka-jaka bisa sunan mawaƙi da na faifai. Idan ba a cike guraben ba, sai Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata su haɗu a jakar marasa mai su.

Tsarin ID3 na 1996 ba ya ɗaukar sunan da ya wuce haruffa 30, bai kuma san ƙ da ɗ ba. Na 1998 ne ya ba su wuri. Shi kuwa gurbin faifai, makaɗan fada ba don faifai suka yi waƙa ba. Ya kyautu a rubuta sunan ubangidan da aka yi wa waƙar a nan tun kafin zubawa, domin ta sunansa manazarci zai neme ta.