Gwajin Matsi a Bututun Man Dizal na Tashoshin Nukiliya: Inda Sassauci Ya Halatta da Inda Bai Halatta Ba

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin malamai da 'yan'uwana ɗalibai ga wata ƙa'ida ƙarama daga cikin ƙa'idojin tashoshin wutar lantarki na nukiliya, wato ƙa'idar gwada tankuna da bututun man dizal ta hanyar matsi. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da bututun mai. Amsa ita ce, tun shekarar 2004 akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma an daɗe ana maganar gina babbar tasha a Nijeriya. Ran da maganar ta kankama, da Hausa za a yi wa miliyoyin mutane bayaninta, mu ne kuwa za a dubi fuskarmu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: sassaucin da aka yi wa wannan ƙa'ida a Amurka yana da hujja a kan bututun da ido ke gani, amma ba shi da hujja ko kaɗan a kan bututun da aka binne cikin ƙasa.

Abin da Ya Haɗa Dizal da Nukiliya

Kafin mu tsunduma cikin muhawarar, ya kyautu mu san dalilin da ya sa tashar da ke ba gari guda wuta take dogara ga janareto. Tukunyar nukiliya ta bambanta da murhun itace, wanda in aka watsa masa ruwa shi ke nan. Ko da an kashe ta, burbushin da yuraniyom ya bari yana ci gaba da fitar da zafi. A daidai lokacin kashewa zafin nan ya kai kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarfin tukunyar, bayan awa ɗaya ya sauko zuwa kamar kashi ɗaya da rabi, bayan kwana ɗaya ya koma wajen rabin kashi ɗaya. Lissafin yana kama da ƙarami, sai dai tashar da ke ba da megawat 1,000 na lantarki tana haifar da zafi na kusan megawat 3,000. Ke nan bayan kwana guda da kashe ta, zafin megawat 15 yana nan yana neman ruwan da zai ɗauke shi. Ruwa kuwa famfo ke tura shi, yawancin famfunan kuma sai da lantarki. Idan wutar da ke shigowa daga waje ta yanke, janareton dizal ne babban abin dogaro.

Saboda haka ne dokokin Amurka suka tanadi cewa kowace tukunya ta kasance da janareto aƙalla biyu masu zaman kansu, waɗanda galibi ake buƙatar su tashi cikin kamar daƙiƙa 10. An kuma tanadi a ajiye man da zai ishe su aikin kwana 7 ba tsayawa. Injin da ke ba da megawat 5 yana shan fiye da lita 1,000 a awa, kwana 7 kuwa awa 168 ne, don haka ana maganar fiye da lita 168,000 ga inji ɗaya. Wannan mai yana zaune ne a cikin babban tanki, wanda sau da yawa a binne yake. Daga nan famfo ke ɗebo shi ta cikin bututu zuwa ƙaramin tanki da ke kusa da injin, wanda abin da yake ɗauka bai wuce na awa ɗaya ko 'yan awoyi ba. Idan bututun da ke tsakanin tankunan nan biyu ya huje, man kwana 7 ya koma na 'yan awoyi ke nan.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Ranar 20 ga Maris, 1990, a tashar Vogtle da ke jihar Jojiya ta Amurka, wata motar dakon mai ta ja da baya ta daki wani ginshiƙi, wutar waje ta yanke. Janareto ɗaya yana kwance ana gyara, ɗayan ya tashi ya sake mutuwa. Sai da aka yi minti 36 kafin a samu wuta, ruwan tukunya kuwa ya riga ya fara ɗaukar zafi. A watan Yuli na 2006, a tashar Forsmark ta Suwidin, biyu daga cikin janareto huɗu suka kasa kama aiki da kansu, sai da ma'aikata suka haɗa su da hannu bayan fiye da minti 20. Mafi muni shi ne abin da ya auku a Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris, 2011, inda igiyar teku ta kashe janareto 12 daga cikin 13. Tukwane uku suka narke, aka kwashe mutane fiye da 100,000 daga gidajensu. Janareto ɗayan da ya tsira shi ne ya ceci tukunya ta 5 da ta 6. Haka nan tashar Zaforijiya ta Yukiren, wadda sojojin Rasha suka kama a Maris na 2022, ta sha rasa wutar waje, har a 2025 ta shafe kusan wata guda a kan dizal kaɗai.

Gaskiya ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da yoyon bututun mai ya haddasa. Darasin da ke cikinsu shi ne, ranar da ake neman janareto rana ce da sauran dabaru suka ƙare, kuma a kan yi zaman makonni a kansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Gwajin Yake

Gwajin matsi abu ne mai sauƙin ganewa. Duk wanda ya ga mai faci ya hura tayar keke ya tsoma ta cikin ruwa yana neman inda kumfa ke fita, ya ga asalinsa. Ana toshe bakin bututu ta kowane ɓangare, a cika shi, a ɗaga matsin da ke ciki zuwa wani mataki, a rufe bawul, a sa ido a kan ma'auni na wani lokaci. In allurar ma'aunin ta tsaya cik, bututu lafiya lau yake. In ta fara sauka, akwai ɓaraka a wani wuri, ko da ba a ga ɗigo ba.

Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Amurka, wato NRC, ta fitar da jagora mai lamba 1.137 a ƙarshen shekarun 1970 game da tsarin man janareton gaggawa. Tsofaffin sharuɗɗan lasisi na tashoshi da yawa sun wajabta abu biyu duk bayan shekara 10. Na farko, a kwashe man tanki, a fitar da lakar da ta kwanta a gindinsa, a wanke shi. Na biyu, a gwada sassan tsarin da aka ƙera bisa dokar Ƙungiyar Injiniyoyin Kanikanci ta Amurka, wato ASME, da matsin da ya kai kashi 110 cikin 100 na abin da aka ƙera su su jure. Ban da wannan, duk bayan kwana 31 ana duba ko ruwa ya taru a gindin tanki a fitar da shi, ana kuma auna dattin da ke cikin man, wanda bai kamata ya wuce miligiram 10 a lita ba.

Daga shekarun 1990 ne aka fara sassautawa. Tashoshi da dama suka nemi izinin cire sharaɗin nan na kashi 110 daga lasisinsu, su koma ga duba yoyo a daidai matsin da tsarin ke aiki da shi kullum, aka kuwa amince wa da yawa daga cikinsu.

Hujjojin Masu Neman Sassauci

Adalci ne mu kawo hujjojinsu yadda suke, domin ba na wasa ba ne. Na farko, sun ce matsin da ke cikin bututun man nan ƙarami ne, ƙarin kashi 10 kuwa bai isa ya tona asirin walda mai rauni ba; ƙofar da tsatsa ta huda za ta yi yoyo a matsin yau da kullum kamar yadda za ta yi a matsin gwaji. Na biyu, babban tanki yana da mashaƙar iska a samansa, ba a ƙera shi don a rufe a matsa ba, iyakar gwajinsa a cika shi a ga ko man ya ragu. Na uku, gwajin yana buƙatar a kwance wasu mahaɗai, a sa marufai na wucin gadi, a fitar da janareto daga aiki na awoyi, kuma duk abin da hannu ya kwance ana iya mayar da shi ba daidai ba. Hatsarin Carnobil na 26 ga Afrilu, 1986 ya auku ne ana tsakiyar gwaji, gwajin da ake so a gano da shi ko juyin injin tururi zai riƙe famfuna na kamar minti ɗaya kafin janareton dizal ya kai cikakken ƙarfinsa. Na huɗu, dubawar da suka koma gare ta ana yin ta sau uku a cikin shekara 10, maimakon sau ɗaya.

A kan bututun da ke shimfiɗe cikin ɗaki, wanda ma'aikaci zai bi shi da tocila ya shafa shi da hannu, na yarda da su. Dizal ba ya ɓoye kansa, yana da wari, yana barin tabo. Dubawa sau uku da ido ta fi matsawa sau ɗaya.

Inda Hujjar Ta Karye

Duk hujjar nan ta ginu ne a kan abu ɗaya, wato za a ga yoyon. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa babu mai ganinsa, kuma shi ne ya fi kowane shiga haɗari. Danshin ƙasa yana cin sa daga waje idan fentin da aka lulluɓe shi da shi ya ɓare. Ruwan da ke taruwa ƙarƙashin mai yana cin sa daga ciki, a nan ne kuma wasu ƙwayoyin halitta ke hayayyafa, su fitar da tsamin da ke huda ƙarfe, su bar yauƙin da ke toshe matatar mai. Ƙasa tana iya shanye yoyo shekara da shekaru ba wanda ya sani. Amurkawa sun ga misalin haka a 2010, lokacin da aka gano ruwa mai gurɓin nukiliya yana tsiyaya daga bututun ƙarƙashin ƙasa a tashar Vermont Yankee.

Daɗin daɗawa, ɓarakar da ke ɓangaren da famfo ke zuƙo mai ba lalle ta fitar da mai waje ba. Tana iya zuƙo iska ko ruwan ƙasa zuwa ciki, injin dizal kuwa ba ya jure ko ɗaya daga cikinsu. Gwajin wata-wata da ake yi wa janareto na kamar awa ɗaya ne, wanda man ƙaramin tanki kan ɗauki mafi yawansa, don haka inji yana iya cin jarrabawa kowane wata alhali hanyar da za ta ciyar da shi a kwana na uku ta ruɓe. Sa'an nan a tashoshin da bututun janareto biyu suke kwance cikin ƙasa iri ɗaya, an binne su shekara ɗaya da ƙarfe iri ɗaya, abin da ya ci na farko yana cin na biyu. A nan amfanin samun inji biyu ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma maganar shekaru. An ba yawancin tashoshin Amurka lasisin shekara 40, aka ƙara wa mafi yawansu zuwa 60, wasu ma zuwa 80. Man kansa ya sauya, domin tun 2006 aka koma ga dizal mai ƙarancin farar wuta, har hukumar ta gargaɗi tashoshi game da abin da hakan ka iya yi wa robobin mahaɗai da lakar tsofaffin tankuna. Bututun da ya tsufa, ga kuma baƙon mai yana bi ta cikinsa, shi ya fi cancantar a tsananta masa bincike.

Mai tasha zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ne, amma ba kullum yake faɗa ba. A watan Fabrairu na 2012, tukunya ta 1 a tashar Kori ta Koriya ta Kudu ta rasa wuta gaba ɗaya na minti 12, janareto ya ƙi tashi, masu kula da wurin suka ɓoye labarin har kusan wata guda. Wannan ya isa ya nuna cewa rahoton da ya dogara ga faɗar mai duba kaɗai bai kai lambar da ma'auni ya rubuta a gaban shaida ba.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina ganin ya kamata a tsaya a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, duk bututun mai da aka binne a sa masa bawul a kowane baki tun ranar gini, yadda za a iya keɓe shi a matsa a auna saukar matsin. Na biyu, inda ba a iya keɓewa, a auna man da ya shiga da wanda ya fita, a kuma riƙa tona wasu wurare ana auna kaurin ƙarfen. Na uku, kada a fitar da janareto biyu daga aiki lokaci guda saboda gwaji, kuma a yi gwajin da man kansa don kada a bar ruwa a ciki. Na huɗu, jami'in hukuma mai zaman kanta ya halarta, a kuma ajiye sakamakon inda jama'a za su iya dubawa.

Kammalawa

Nijeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya a 1976, hukumar da ke sa ido a kan harkar kuma ta fara aiki a 2001. An ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha. Babban layin wutar ƙasar nan ya faɗi sau da dama a shekarar 2024 kaɗai, ma'ana tashar da za a gina a nan za ta nemi janaretonta fiye da takwarorinta na Turai. Don haka idan aka zo aron dokokin waje, kada a ɗauko sassaucin a bar dalilan da aka gina shi a kansu. Tun ran gini ran zane. Ina roƙon malamanmu na wannan sashe da su haɗa kai da masana kimiyya a daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, domin jama'ar da za a gina tasha a ƙasarsu su iya tambaya da bakinsu: yaushe aka gwada bututun mai, nawa ma'auni ya nuna, kuma wa ya shaida?