Wa Zai Rubuta Mana Labarin Yaran Bépanda?

Wani mai sauraro ya bugo waya a shirina, wai littafin binciken kisa da maƙarƙashiya tatsuniyar Turawa ce, bai dace da Bahaushe ba. Malam, ban yarda ba.

A Janairun 2001 jami'an tsaro suka kama matasa tara a unguwar Bépanda, nan Douala, bisa zargin satar tukunyar gas. Har yau iyayensu ba su ga gawa ba, balle kabari. A Janairun 2023 aka sace Martinez Zogo, ɗan'uwanmu a aikin rediyo, mai tona asirin masu wawure dukiyar ƙasa a tashar Amplitude FM ta Yaoundé. Bayan kwana biyar aka tsinci gawarsa. Cikin waɗanda aka gurfanar a kotun soja har da shugaban hukumar leƙen asiri. Wane Bature ne ya ƙago mana wannan?

Mongo Beti ya gane haka tun 1999, ya rubuta Trop de soleil tue l'amour, amma da Faransanci. Mu kuwa a New Bell da Mboppi, littattafan Hausa da ke iso mana daga Kano yawancinsu soyayya ce da rikicin kishiya.

Na san tsoro ne. Ni ma ina jin sa duk sanda na zauna gaban makirufo. Amma marubuci yana iya sauya suna ya faɗi abin da ni ba zan iya faɗa ba. To, marubutanmu, me kuke jira?